Lani Guinier: Malamar Da Ta Ƙare Rayuwarta Tana Neman Rabon Wanda Ya Faɗi Zaɓe

A ranar 3 ga watan Yunin 1993, shugaban Amurka na wancan lokaci, Bill Clinton, ya fito gaban 'yan jarida a fadar White House ya sanar da cewa ya janye sunan matar da ya zaɓa don ta jagoranci sashen kare haƙƙin jama'a a Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar. Matar ba baƙuwarsa ba ce. Zamani ɗaya suka yi karatun lauya a Jami'ar Yale, kuma shekara bakwai kafin wannan rana ya halarci bikin aurenta. Babu wanda ya zarge ta da cin kuɗi ko wani abin kunya. Abin da ya jawo mata shi ne wasu dogayen maƙaloli da ta rubuta a mujallun jami'a, irin waɗanda in ba malamai da ɗalibansu ba, ba kasafai ake samun mai buɗe su ba.

Sunanta Lani Guinier, farfesar shari'a. Tambayar da ta yi ta juyawa a cikin waɗannan maƙaloli kuwa kowa zai iya fahimtarta. Idan mutum 51 cikin 100 suka ci zaɓe, sauran 49 ɗin me suka samu? Idan kuma ya zama su ɗin ne dai ke faɗuwa bana, su faɗi baɗi, su faɗi baɗin baɗaɗa, saboda launin fatarsu ya riga ya sa an ware su, shin ƙuri'ar da ke hannunsu tana da wani amfani? A kan wannan tambaya ta yi aikin lauya, a kanta ta yi koyarwa, a kanta kuma ta rasa muƙami mafi girma da aka taɓa yi mata tayi.

Gidan da ta fito

An haifi Lani Guinier a birnin New York ranar 19 ga Afrilun 1950. Mahaifiyarta, Eugenia, Bayahudiya ce farar fata, malamar makaranta. Mahaifinta, Ewart Guinier, baƙar fata ne da aka haifa a Panama, iyayensa 'yan Jamaika. A 1929 ya sami gurbin karatu a Jami'ar Harvard, amma aka hana shi tallafin kuɗin makaranta, aka kuma hana shi zama a ɗakin kwanan ɗalibai. Kamar yadda 'yarsa ta sha faɗa, dalilin da aka ba shi shi ne an riga an ba wani baƙar fata guda tallafin, kason ya cika. Bayan shekara biyu kuɗi ya gagara, ya bar jami'ar. Ya ƙarasa karatunsa a wasu makarantu a New York, kuma a 1969, bayan shekara 40, Harvard ɗin ta kira shi ya zama shugaba na farko na sashen nazarin tarihi da rayuwar baƙaƙen fatar Amurka.

Ita kuwa Lani, tana da shekara 12 ta ga wani abu a talabijin da ya tsaya mata a rai. A 1962 ne, lokacin da wani ɗalibi baƙar fata, James Meredith, ke fafutukar shiga Jami'ar Mississippi. Lauyar da ke tafe da shi mace ce baƙar fata, Constance Baker Motley, tana ratsa taron masu ihu ko gezau. Yarinyar ta ce ita ma aikin da za ta yi ke nan. Ta gama digirin farko a Kwalejin Radcliffe a 1971, ta gama karatun lauya a Yale a 1974. Ta yi aiki a Ma'aikatar Shari'a zamanin shugaba Jimmy Carter, sannan a 1981 ta koma ƙungiyar lauyoyi ta NAACP Legal Defense Fund, wadda ta shahara wajen kare haƙƙin baƙaƙen fata a kotu. Daga baya ita ce ta shugabanci sashen shari'o'in zaɓe na ƙungiyar.

Ƙuri'a a hannu, kujera babu

Don a gane aikinta, sai an ɗan waiwaya baya. Tun 1870 tsarin mulkin Amurka ya haramta hana namiji zaɓe saboda launin fatarsa. Amma a jihohin kudancin ƙasar an samo dabarun zagaye dokar: harajin shiga rumfar zaɓe, jarrabawar karatu da magatakarda ke yi wa wanda ya ga dama ya kayar da wanda ya ga dama, da kuma barazanar kora daga aiki ko ma kisa. Sai a ranar 6 ga Agustan 1965, bayan jinin da aka zubar a tattakin garin Selma na jihar Alabama, shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a Dokar 'Yancin Zaɓe. Sauyin ya zo da sauri. A jihar Mississippi, baƙaƙen fatar da ke da rajistar zaɓe ba su kai kashi 7 cikin 100 ba kafin dokar, amma zuwa 1967 sun kusa kashi 60.

To, an sami ƙuri'a. Sai dai masu mulki sun san cewa yadda ake ƙirga ƙuri'a na iya kashe ta. Ɗauki misalin birnin Mobile a Alabama. Tun 1911 mutum uku ke tafiyar da birnin, kuma dukan garin ne ke zaɓen kowannensu, ba a raba shi unguwa-unguwa ba. Baƙaƙen fata sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna birnin, amma tun da farar fata ba sa zaɓensu, ko sau ɗaya ba su taɓa samun kujera ba. Da maganar ta je Kotun Ƙoli a 1980, sai alƙalai suka ce rashin samun kujera bai isa hujja ba, sai an tabbatar cewa da gangan aka shirya tsarin don a cuce su. Wa zai iya tono niyyar mutanen da suka rubuta doka shekara 70 da suka wuce, da yawansu ma suna kabari?

Guinier na cikin lauyoyin da suka yi ta zarya a majalisar dokokin ƙasar har aka gyara dokar a 1982. Gyaran ya ce a bar maganar niyya, a dubi sakamako: idan tsari yana hana wata al'umma damar zaɓen wanda take so, to ya saɓa doka. Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu. Da wannan makami ita da abokan aikinta suka shiga kotuna a Louisiana da North Carolina da Arkansas, suka sa aka sake zana mazaɓu da yawa yadda baƙaƙen fata za su zama masu rinjaye a wasunsu.

Shari'ar tsofaffin Marion

Shari'ar da ta fi taɓa zuciya a cikin aikinta ta faru ne a 1985. A garin Marion na gundumar Perry a Alabama akwai wani ɗan gwagwarmaya, Albert Turner, wanda yana cikin sahun gaba a tattakin Selma, kuma yana cikin waɗanda suka ja alfadaran keken da ya ɗauki gawar Martin Luther King a 1968. Shi da matarsa Evelyn da wani abokinsu, Spencer Hogue, sukan bi gida-gida suna taimaka wa tsofaffi da marasa lafiya su cike takardar zaɓen da ake aikawa ta gidan waya. Bayan zaɓen fidda gwani na 1984, wasu 'yan takara, har da baƙaƙen fata da ba sa ga-maciji da su Turner, suka kai ƙorafi cewa an sauya abin da ke cikin wasu takardun. Lauyan gwamnatin tarayya na yankin, Jeff Sessions, ya gurfanar da su ukun bisa zargin maguɗi.

An kwashi tsofaffin a motar safa, aka yi doguwar tafiya da su zuwa Mobile don su ba da shaida, alhali Selma na kusa da su. Duk wanda ya yi jinyar tsofaffi, kamar yadda aikina ya sa nake yi, ya san abin da irin wannan tafiya ke yi wa mai hawan jini ko ciwon suga, balle a haɗa masa da fargabar jami'an tsaro. Ya kuma san cewa tsohuwar da idonta ya yi rauni ba ta cike takarda ita kaɗai, ko ta asibiti ce. Wanda ta amince da shi take kira ta ce rubuta mini kaza. Wannan shi ne ginshiƙin kariyar da Guinier da sauran lauyoyi suka gabatar, cikinsu har da wani matashi mai suna Deval Patrick: mutanen sun nemi taimako ne da bakinsu, kuma neman taimako ba maguɗi ba ne. Masu taya alƙali yanke hukunci suka shiga ɗaki, cikin 'yan sa'o'i suka fito suka wanke su ukun.

An ci shari'a, amma ɓarnar ta riga ta auku. A wasiƙar da Coretta Scott King, matar marigayi King, ta aika wa Majalisar Dattawa a 1986, ta bayyana cewa wasu daga cikin tsofaffin sun ce sun bar zaɓe ke nan har abada. A shekarar ce kwamitin majalisar ya ƙi amincewa da naɗa Sessions alƙali, ko da yake bayan shekara 31, a 2017, ya zama ministan shari'ar Amurka.

Daga kotu zuwa aji

A 1988 Guinier ta koma koyarwa a Jami'ar Pennsylvania. Nan ta sami lokacin zama ta auna abin da shekarun kotu suka haifar, kuma abin da ta gani bai kwantar mata da hankali ba. Ta kasa gwagwarmayar kashi uku. Da farko an yi yaƙin samun ƙuri'a. Na biyu, yaƙin a ƙirga ta yadda za ta kai mutum kan kujera. Na uku kuwa shi ne abin da ke faruwa bayan wakilin ya shiga zauren majalisa ya tarar shi kaɗai ne.

Gundumar Etowah a Alabama ta ba ta misali. Da ma al'adar wurin ita ce kowane kwamishina shi ke riƙe da kuɗin gyaran hanyoyin yankinsa. Da aka sauya tsarin zaɓe, aka zaɓi baƙar fata, Lawrence Presley, a 1986, sai tsofaffin kwamishinoni suka yi amfani da rinjayensu suka sauya ƙa'ida, ikon kuɗin hanya ya tsaya a hannunsu. Ga kujera, ga suna, amma an kwashe abin da ke cikin tukunyar. A 1992 Kotun Ƙoli ta ce wannan sauyi bai shiga hurumin dokar zaɓe ba.

Mafitar da ta hango, ta ce ɗanta Nikolas ne ya fara nuna mata ita yana ɗan shekara huɗu. Suna duba wata mujallar yara, sai ga hoton yara shida, huɗu sun ɗaga hannu suna son wasan guje-guje, biyu suna son wasan ɓuya. Aka tambayi mai karatu wane wasa za a yi. Amsar da mujallar ke jira ita ce guje-guje, tun da su suka fi yawa. Yaron ya ce duka biyun za a yi: a fara da na masu yawa, sannan a yi na sauran. Uwar ta ga cewa yaron bai musanta rinjaye ba, don ya ba masu yawa farko. Abin da ya ƙi shi ne a ce biyun nan su koma gefe har a tashi wasa. Duk macen da ta taɓa zubin adashi ta san wannan hikima. Ana jure zubi ne saboda kowa ya san ranar kwasarsa na zuwa, kuma ranar da aka gane mutum ɗaya ne zai riƙa kwasa kullum, ranar adashin ya mutu.

Yaya za a mai da wannan ya zama tsarin zaɓe? Hanyar da ta fi tallatawa ita ce wadda za mu iya kira ƙuri'ar tarawa. A ce gari yana da masu zaɓe 1,000 da kujerun kansila biyar, kuma mutum 300 daga ciki suna da wata buƙata tasu daban. A tsohon tsari, inda kowa ke ba 'yan takara biyar ƙuri'a ɗai-ɗai, mutum 700 ɗin nan za su lashe kujeru biyar ɗin duka. A tsarin tarawa kuwa, kowane mai zaɓe yana da ƙuri'a biyar, kuma yana da 'yancin ya rarraba su ko ya zuba su duka a kan mutum ɗaya. Idan mutum 300 suka tara nasu a kan ɗan takara guda, ya sami 1,500. Masu rinjaye suna da 3,500, in suka raba wa mutum biyar, kowa ya tashi da 700. Ke nan masu rinjaye za su ci gaba da riƙe majalisa, amma ba za su iya rufe wa sauran ƙofa ba.

Ba ita ta ƙirƙiro tsarin ba. Jihar Illinois ta yi amfani da shi wajen zaɓen majalisar wakilanta daga 1870 har 1980, kuma kamfanoni da dama na amfani da shi wajen zaɓen daraktoci don kare masu ƙaramin hannun jari. A 1988 gundumar Chilton a Alabama, inda baƙaƙen fata suke kimanin kashi 12 cikin 100 kuma a warwatse, ta karɓe shi don sasanta wata shari'a. Kujeru bakwai, kowa ƙuri'a bakwai. A zaɓen farko wani baƙar fata, Bobby Agee, ya shiga majalisar gundumar, har ma shi ya zo na ɗaya a yawan ƙuri'u. Wani abin da ba a zata ba, 'yan jam'iyyar Republican, waɗanda su ma a lokacin tsiraru ne a gundumar, sun sami kujeru ta wannan hanya.

Abin da ya fi burge Guinier a tsarin shi ne babu jami'in da zai zauna da taswira ya ce ku baƙaƙe ga mazaɓarku, ku farare ga taku. Mai zaɓe ne da kansa ke yanke shawarar da wa zai haɗa kai. Bana yana iya tarawa da 'yan unguwarsu, baɗi da manoma irinsa, ko mata su tara wa mace.

Mako biyar na guguwa

Ranar 29 ga Afrilun 1993 Clinton ya sanar da sunanta. Washegari jaridar Wall Street Journal ta buga sharhin wani lauya mai ra'ayin riƙau, Clint Bolick, da kanun da ya laƙaba mata sunan sarauniyar kaso, wato mai son a raba muƙamai bisa launin fata. Sunan ya bi ta kamar wutar daji. Aka riƙa tsinto jimloli daga maƙalolinta ana karantawa a rediyo da talabijin. Wasu suka ce tana son ba tsiraru ikon hana ruwa gudu a majalisa. Wasu suka ce ta raba baƙaƙen 'yan siyasa gida biyu, na gaske da na bogi, alhali ita ta ce ra'ayin wasu take bayyanawa a wurin, tana ma sukarsa.

Fadar shugaban ƙasa ta umarce ta da ta yi shiru har ranar da za ta bayyana gaban Majalisar Dattawa don tantancewa, kamar yadda aka saba. Ta yi biyayya na tsawon makonni, sai ana gobe za a janye sunanta ta fito a wani shirin talabijin na dare ta kare kanta. Ranar tantancewar ba ta zo ba. Sanatocin jam'iyyar shugaban da kansu suka fara ja da baya, Clinton ya ce sai yanzu ya zauna ya karanta rubutunta, kuma akwai ra'ayoyin da ba zai iya karewa ba. Washegari ta kira taron manema labarai, ta yi magana cikin natsuwa ba tare da zagin kowa ba. Ta ce ba ta taɓa goyon bayan kaso ba, kuma ta tuna musu cewa kaso ne ya kori mahaifinta daga Harvard. Muƙamin daga baya ya faɗa hannun Deval Patrick, abokin aikinta a shari'ar Marion, wanda ya zama gwamnan jihar Massachusetts a 2007.

Adalci ne a faɗi cewa ba duk masu sukarta ne 'yan sharri ba. A wasu maƙalolin ta ba da shawarar cewa inda kotu ta tabbatar ana danne tsiraru a cikin majalisa, ana iya sharɗanta cewa wasu muhimman ƙudurori sai sun sami fiye da rabin ƙuri'u da tazara kafin su wuce. Masu suka sun ce wannan na iya tsayar da aikin gwamnati cak. Game da ƙuri'ar tarawa kuma, akwai masu ganin tana iya rikita mai zaɓe, tana buƙatar al'umma ta haɗa kai a kan ɗan takara ɗaya in ba haka ba ƙuri'unta su tarwatse, kuma tana raba mutum da wakilin unguwarsa da ya san ƙofar gidansa. Waɗannan hujjoji ne da suka cancanci a zauna a tattauna. Abin takaicin shi ne ba a yi zaman ba. Matar da ta shekara tana cewa a saurari wanda ba shi da rinjaye, ita ce aka yanke wa hukunci ba a ji ta bakinta ba.

Ƙasa da wata guda bayan haka, ranar 28 ga Yunin 1993, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan wata mazaɓa a North Carolina da aka zana siririya tana bin babbar hanya kamar maciji don a tattaro baƙaƙen fata. Kotun ta buɗe ƙofar ƙalubalantar irin wannan zane. Matsalar da Guinier ke neman hanyar kauce mata ke nan tun farko.

Bayan an watse

Ba ta koma gida ta rufe ƙofa ba. A 1994 ta tattara maƙalolin da aka yi ta cece-kuce a kansu ta buga su a littafi guda mai suna The Tyranny of the Majority, wato danniyar masu rinjaye, don kowa ya karanta ya yi wa kansa alƙalanci. A 1998 makarantar koyon shari'a ta Harvard ta ba ta kujerar farfesa ta dindindin, ta zama mace ta farko da ba farar fata ba da ta sami wannan matsayi a makarantar, shekara 69 bayan mahaifinta ya shiga jami'ar aka hana shi ɗaki. Ƙuri'ar tarawa ma ba ta mutu ba. A 2010 garin Port Chester na jihar New York ya yi zaɓe da ita bisa umarnin kotu, kuma a karon farko ɗan asalin Latin Amurka ya shiga majalisar garin.

A shekarunta na baya tunaninta ya wuce rumfar zaɓe. A wata maƙala da ta buga a 2008 ta yi gargaɗin cewa mun mai da zaɓe shi ne dimokuraɗiyya gaba ɗaya, har wakili ya zama wani baƙo mai ƙarfi da ake gani sau ɗaya a shekara huɗu. Ta karkata ga hanyoyin da talakawa ke sa hannu kai tsaye a yanke shawara. Misalan da masana wannan fanni ke yawan kawowa biyu ne. A birnin Porto Alegre na Brazil, a 1989 mazauna unguwanni suka fara taruwa su tsara inda za a kashe wani kaso na kasafin kuɗin birni, ko famfo ko kwalbati ko asibiti. A lardin British Columbia na Kanada kuma, a 2004 talakawa 160 da aka zaɓo, galibinsu ta hanyar ƙuri'ar sa'a, mace da namiji daga kowace mazaɓa, suka shafe kusan shekara suna nazarin tsarin zaɓe, suka ba da shawarar a sauya shi. Da aka kai shawarar ƙuri'ar raba-gardama a 2005 ta sami kusan kashi 58 cikin 100, amma doka ta sharɗanta 60, sai ta faɗi.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka cewa miƙa wa jama'a kowace magana su kaɗa mata ƙuri'a kai tsaye shi ne maganin ciwon. Ƙuri'ar raba-gardama ita ma rinjaye ce tsagwaronta, e ko a'a, babu rabon wanda ya faɗi. Ƙasar Switzerland, wadda ta fi kowace ƙasa yawan irin wannan ƙuri'a, ita ce shaida. A 1959 aka tambayi mazan ƙasar ko a ba mata 'yancin zaɓe, kusan kashi biyu cikin uku suka ce a'a. Sai a 1971 suka amince, kuma a wani ƙaramin yanki mai suna Appenzell Innerrhoden sai da kotu ta tilasta musu a 1990. Abin da ya bambanta taron Porto Alegre da na Kanada shi ne a can mutane na zama fuska da fuska, a ji ta bakin kowa kafin a ɗaga hannu.

Mu ma tambayar ta shafe mu

Labarin Guinier na Amurka ne, kuma tarihin bauta da wariyar launin fata da ya haife shi nasu ne. Amma tambayarta ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Tsarin mulkinmu bai yarda mutum ya zama shugaban ƙasa da yawan ƙuri'a kaɗai ba, sai ya sami aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu cikin uku na jihohi. Akwai tanadin raba daidai a muƙaman gwamnati, akwai kuma karɓa-karɓa da jam'iyyu ke yi a tsakaninsu ko da yake ba ta cikin tsarin mulki. Duka ƙoƙari ne na hana wani ɓangare cinye komai. Bambancin shi ne namu yana ɗaure mutum da inda aka binne cibiyarsa, nata kuwa yana barin mai zaɓe ya zaɓi abokan tafiyarsa. Kwamitin gyaran zaɓe na Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, a rahotonsa na 2008, ya ba da shawarar a riƙa raba wasu kujerun majalisa gwargwadon ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu, amma ba a aiwatar ba. Har yau kuma mun saba jin an yi zaɓen ƙananan hukumomi jam'iyyar gwamna ta lashe kowace kujera, tun daga ciyaman har kansila na ƙarshe, kamar babu mutum ɗaya a jihar da ke da wani ra'ayi.

Guinier ta yi ritaya daga koyarwa a 2017. Cutar mantuwa ta Alzheimer's ce ta ci ƙarfinta, cutar da ke fara ɗauke wa mutum sunaye da kalmomi kafin ta ɗauke sauran, kuma iyali ne ke ɗaukar mafi nauyin jinyarta. Ta rasu ranar 7 ga Janairun 2022 a garin Cambridge na jihar Massachusetts tana da shekara 71. Nikolas Bowie, yaron nan mai amsar wasan ɓuya, yau farfesa ne a makarantar da mahaifiyarsa ta koyar, kuma dimokuraɗiyya da tsarin mulki yake nazari.

Ba sai an je majalisa ake gwada maganarta ba. A ƙungiyar matan unguwa, a kwamitin iyaye da malamai, a taron dangi kan gidan gado, kullum akwai waɗanda aka fi yawa, kuma sau da yawa su ɗin ne dai. Ku gaya mana a sashen sharhi da ke ƙasa: a inda kuke, idan aka ɗaga hannu aka ƙirga, me ake yi wa waɗanda suka faɗi?